Zoben da Aka Gyara Ba a Tambayi Mai Shi Ba

Ni dai a rayuwata na ga saurayin da aka hana aure saboda shaye-shaye, na ga wanda aka hana don ba shi da abin yi, har na ga wanda aka sallama don ya fiye buɗe ciki a gidan surukai. Amma a kori mutum don ya iya aikinsa, wannan kam sai a kan Mai Walƙiya na fara gani.

Ga shi nan zaune a shagonsa ya dafe kai da hannu biyu. Auta kuwa tana tsaye a jikin kantar shagon tana kuka, bakin gyalenta ya jiƙe sharkaf.

"Ki zauna mana, Auta."

"Ba zan zauna ba."

"To ki tsagaita kukan, ki faɗa min abin da Baba ya ce."

"Cewa ya yi kai ɓarawo ne. Wai in ka sake taka ƙofar gidanmu, da zarto zai tarbe ka. Maganar aure kuwa ya ce in cire ta daga raina."

"Ɓarawo? Ni? Me na sata?"

"Zoben Mama."

"Zoben da ke kika kawo min da hannunki, na gyara, na ba ki a hannunki?"

"Shi. Ya ce ba shi ba ne, canzawa ka yi."

Bari in ɗan koma baya, kada a bar wasu a duhu.

Baban Auta maƙerin zinare ne, tun yana saurayi yake sana'ar a layin nan. In ka shiga shagonsa, bangon ya yi baƙi da hayaƙi, ga tukunyar gas a lungu, ga ƙananan zartuna da magagarai rataye a jikin ƙusa, ga wata tsohuwar fata da yake shimfiɗawa a cinya don ta tare garin zinare. In zai haɗa zobe, wuta yake hura masa har ya yi jawur, ya narka ɗan ƙarfen haɗi a tsakanin bakin biyu. Aikinsa yana da kyau, amma komai kyansa, mai ido zai ga ɗan siririn layi a wurin haɗin.

Sai ga wannan yaro ya buɗe shago a ƙarshen layin, fari tas kamar ɗakin allura. Ya kawo injin walda na lesa, mai haɗa ƙarfe da haske maimakon wuta, ɗan akwati ne mai ƙofofi biyu na zura hannu, da madubi a sama da ake leƙawa, da feda a ƙasa. In ya taka fedar sai wani haske ya yi wal a ciki, shi ya sa 'yan layi suka laƙaba masa Mai Walƙiya.

Tun ranar farko Maƙeri ya tsane shi. "Maƙerin da ba shi da tabon ƙuna ko ɗaya a hannu," in ji shi, "wannan ai likitan haƙori ne."

To sai Allah ya jarrabe shi, 'yarsa ta ƙarshe, malamar makaranta mai hankalinta, ta ce duk duniya likitan haƙorin nan take so. An sha fama, an sha rarrashi, har tsohon ya fara saukowa, ya ce zai duba. A nan ne Auta ta ce bari ta ƙarasa shawo kansa da dabara. Kun san dabarar masoya, ba ta cika ƙarewa lafiya ba.

Akwai zoben marigayiya mahaifiyarta, shekara da shekaru yana ajiye a aljihun teburin Maƙeri, a yanke, bakinsa a buɗe. Yana da wani dutse mai ruwan madara da launuka ke wasa a cikinsa. Duk wanda ya tambayi tsohon me ya hana shi gyarawa, sai ya ce dutsen ba ya son zafi, da ya ji wuta zai tsage. Auta ta faki idonsa ta ɗauke, ta kai wa saurayinta. Shi kuma ya zage ya nuna gwaninta. Ta kawo wa ubanta tana murmushi, tana jiran a sa albarka.

Abin da ta samu ke nan kuka ji.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Mai Walƙiya, "da me ya kafa hujja?"

"Ya sa madubinsa a ido, ya juya zoben, ya sake juyawa, bai ga haɗi ba. Sai Mai Agogo ya ce ai zoben da aka haɗa dole a ga haɗinsa, tunda babu, to sabo aka ƙera aka riƙe na asalin."

"Mai Agogo! Me ya kai shi ciki?"

Me zai hana shi? Shi ne fa ɗayan da ke son Auta. Tuzuru ne mai shagon agogo a tsallaken titi, yana ɗaura agogo a kowane hannu, kuma ba su taɓa faɗin lokaci ɗaya ba. Turarensa kan riga shi isowa wuri. Kullum da yamma yana shagon Maƙeri a zaune yana yabon aikin wuta, shi da ko ashana ba ya iya ƙyastawa sai ya ƙone.

Auta ta share hanci ta dubi saurayinta da jajayen idanu.

"Kai ma da laifinka."

"Ni kuma?"

"Da ka bar ɗan tabo mana! Ko ɗan ƙanƙane. Sai ka goge shi sumul kamar ba a taɓa yankawa ba?"

"Auta, ke kika ce in yi aikin da Baba bai taɓa ganin irinsa ba."

"To ai ga shi bai taɓa gani ba, shi ya sa bai yarda ba!"

"Yanzu laifina shi ne na iya aiki?"

"Ka ga, ihu ma kake min. Ni da na rasa uwa, yau kuma zan rasa..." Sai kuka ya ci ƙarfinta.

"Wallahi ba ihu nake ba. Ki ji, ko me za a yi, ni ba zan rabu da ke ba. In Baba ya ce in fasa injin nan da guduma, zan fasa."

"Ka fasa mu ci me?"

Ya koma ya dafe kai. Ni kam har na so in ba shi ruwa.

Ana cikin haka sai aka banko ƙofa. Gwaggo ce, yayar Maƙeri, mace mai jiki da murya, wadda ta goya shi yana jariri kuma ba ta bari ya manta. Tana riƙe da hannun rigarsa tana ja, shi kuma yana turjewa, zartonsa a ɗaya hannun. A bayansu turare ya shigo, sannan Mai Agogo.

"Yaya, ki sake ni, mutane na kallo."

"Su kalla. Lokacin da nake wanke ka a tsakar gida ma kallo ake. Shiga!"

Mai Walƙiya ya miƙe da sauri ya durƙusa. "Barka da yamma, Baba."

Maƙeri ya kalli silin.

"Ba gaisuwa ta kawo mu ba," in ji Gwaggo. Ta murɗe wani zobe daga yatsanta da ƙyar, ta dangwara a kan kantar shagon. "Ga nawa. Kai ƙanena, yanka shi. Kai kuma ɗan nan, haɗa shi a gabanmu. In an ga haɗi, kai ɓarawo ne, ni da kaina zan raka ka wurin hukuma. In ba a gani ba, wani zai ji kunya yau." Ta harari Mai Agogo.

"Gwaggo, ni fa shawara kawai na bayar."

"Ni ba 'yar'uwar ubanka ba ce, kada ka sake ce min Gwaggo."

Maƙeri ya yi tsaki, amma hannun maƙeri ba ya ganin zobe da zarto ya ƙi aiki. Ya dafe shi a gefen kanta, ƙiƙi-ƙiƙi, ya raba bakin.

Mai Walƙiya ya karɓa. Ya goge bakin biyu da magagari har suka daidaita, ya matse su suka haɗu. Ya zura hannuwansa cikin akwatin, zoben a tsakanin yatsunsa tsirara, babu awartaki babu komai. Ya ɗauko wata wayar zinare siririya kamar gashin kai, ya kafa ido a madubi, ya taka feda.

Tas. Tas. Tas.

Haske yana wal, wal, a ciki.

"Zai ƙone yatsa," in ji Gwaggo.

"Ba ya ƙonawa, Gwaggo. Hasken ɗigo ɗaya yake narkarwa, kamar kan allura, sauran zoben da sanyinsa. Shi ya sa ko dutse ba ya ji. Kuma da zinaren da ya yi daidai da na zoben nake cikewa, ba da wani ƙarfe daban ba, shi ya sa launin ba ya bambanta."

"Ba karatu na tambaye ka ba, yi aikinka."

Ya zagaye haɗin ciki da waje, ya fito da shi, ya bi da magagari, ya kai kan injin gogewa. Kafin Gwaggo ta gama ba Mai Agogo labarin yadda kakarsa ta taɓa aron tukunyarta ta dawo da ita a fashe, zobe ya dawo hannunta.

Ta juya, ta juya, ta kai kusa da taga. Ta miƙa wa ƙanenta.

"Nemo min."

Maƙeri ya maƙala madubinsa a ido. Ya daɗe yana juyawa, sannan ya ajiye.

"Babu."

"Alhamdu lillahi!" Auta ta tafa hannu. "Baba, ka gani ko? Bai canza ba, wallahi bai canza ba!"

Mai Agogo ya duba agogon dama, ya duba na hagu. "Af, ashe lokaci ya tafi haka. Na bar shago a buɗe."

"Ka tafi da turarenka," in ji Gwaggo, "kada ka bar mana shi."

Kowa ya zaci magana ta ƙare. Mai Walƙiya har ya fara gyara wuyan riga. Sai Maƙeri ya zaro zoben matarsa daga aljihu, ya ajiye a kan kanta, ya ce a hankali:

"Na san shi ne. Tun da ta miƙo min na sani."

"Ka sani?" in ji Gwaggo.

"Ni na ƙera shi, Yaya. Akwai maƙerin da zai kasa gane aikin hannunsa? Ko a cikin duhu aka ba ni zan gane."

"To don me ka bari wancan mai warin turaren ya kira ɗan mutane ɓarawo? Don me ka sa na ba da zobena aka yanka a banza? Kai, wallahi tun kana yaro haka kake, a tambaye ka ina ke ciwo, ka nuna ƙafa alhali kunne ne!"

Maƙeri ya juya ga Mai Walƙiya, karon farko da ya dube shi ido da ido.

"Wa ya ce ka taɓa?"

"Baba, Auta ce ta..."

"Na ce wa ya ce ka taɓa? Ka tambayi yadda aka yi ya yanke?"

"A'a, Baba."

"Ke fa, kin tambaya?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ka ce dutsen ne ba ya son wuta."

"Haka na ce, kuma gaskiya ne. Amma ba shi ke nan ba." Ya jawo kujera ya zauna. "Kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Da ciwon uwarki ya yi tsanani, hannuwanta suka kumbura, zoben ya nutse a yatsa har yatsan ya fara baƙi. Ma'aikatan asibiti suka kawo almakashinsu. Na ce a'a, ni na sa mata, ni zan cire. Na zo da wannan zarton. Na zura 'yar fata a ƙarƙashi don kada in ji mata ciwo. Ina yankawa, ita kuma tana min dariya."

Gwaggo ma ta nemi wuri ta zauna.

"Ta ce, 'Maƙeri, ka yanka a hankali. In na tashi kai za ka haɗa min, kuma ban yarda a kai wa wani ba.' Na ce to." Ya shafa zoben da babban yatsa. "Ba ta tashi ba. Aikina ne, ni ta ba wa. Ko ban iya ba, ko zan mutu ban yi ba, nawa ne. Sai na wayi gari yaron da ko sunanta bai sani ba ya yi shi da tsakar rana, tas-tas-tas, kamar ana soya gyaɗa."

Auta ta zube a gabansa ta rungume gwiwarsa. "Baba, ka yafe min. Ban sani ba. Wallahi so nake in faranta maka."

"Baba, ni ma ka yafe min," in ji Mai Walƙiya. "Duk abin da ka ce zan yi."

"Ka mayar min da shi yadda yake."

"Na'am?"

"Ka yanke shi daidai inda yake a yanke. Ba gefe ba, ba kusa ba."

Bawan Allah ya ɗauki zoben ya sa a ƙarƙashin madubin injinsa. Ya juya, ya ƙara haske, ya juya. Zufa ta keto masa duk da fanka.

"Baba... ban ga wurin ba."

"Inna lillahi," in ji Gwaggo. "Kai ka haɗa, kai kuma ka ɓatar?"

"Gwaggo, ai shi ne aikin, ba a ganewa."

"Rufe min baki da aikin nan naka, shi ya kai mu nan!"

Maƙeri ya fizge zoben. Bai ko kalla ba, ya bi da'irar da yatsa ya tsaya a wuri ɗaya. Ya ɗaga zarto.

Kafin haƙoran zarton su sauka, Auta ta warce zoben ta zura a yatsanta, ta shimfiɗa hannun a kan kantar shagon.

"To yanka, Baba."

"Ke, cire."

"Ba zan cire ba. Na girma ban san muryarta ba, ban san komai nata ba sai zobe a yanke cikin aljihun tebur, ko taɓawa ba a bari in yi. Yau ne kaɗai ya zama abin da mutum zai iya sawa. In yanke shi za ka yi, ka yanka a yatsana. In kuma auren za ka hana saboda laifin da ni na yi, ka hana, amma ka faɗa min a nan, a gaban Gwaggo."

Hawaye na zuba, amma ba ta janye hannun ba.

Maƙeri ya tsaya da zarto a sama. Ya kalli hannun, ya daɗe yana kallo. Ni na ce a raina, tsoho, wannan karon ba ka da mafita. Sai ya ajiye zarton a hankali. Ya kama yatsan nata, ya taɓa zoben, zoben ya juya, dutsen ya koma ɓangaren tafin hannu. Ya mayar, ya sake juyawa.

"Ya yi miki yawa," ya ce. "Uwarki ta fi ki kaurin yatsa. Haka za ki yi yawo da shi? Wanke-wanke ɗaya zai bi ruwa."

"Zan naɗa masa zare."

"Zare! 'Yar maƙeri da zare a zobe? Ragewa za a yi. A yanka, a cire kaɗan, a haɗa." Ya goge ido da bayan hannu, ya yi kamar ƙura ce. "Kuma ni zan haɗa."

"Da wuta?" in ji Gwaggo. "Ba kai ka ce dutsen zai tsage ba?"

Maƙeri ya miƙe ya nufi akwatin da ya shekara yana zagi, ya tsaya a kansa yana harararsa. Ya ja kujerar, ya zauna, ya zura baƙaƙen hannuwansa masu tabon ƙuna cikin ƙofofin.

"Kai. Wanne ake takawa?"

Mai Walƙiya ya rugo. "Wannan, Baba. Amma don Allah ba a farawa da zoben. Sai ka koya a kan guntaye tukuna, hannu ya saba da madubi. Ni ma na daɗe kafin in iya. Zai ɗauke ka lokaci, sai ka yi ta zuwa."

"To sai me? Zan riƙa zuwa. Shagon surukina ne, wa zai hana ni shiga?"

Auta ta toshe baki da gyale. Gwaggo ta ɗaga hannu sama.

Shi kuwa gogan naku, wallahi ko gezau. "Yawwa, Baba. To ka ga wannan maɓallin, shi ne na ƙarfin haske, in zinaren siriri ne sai a rage, in kuma azurfa ce..."

Gwaggo ta miƙa hannu ta murɗe masa kunne har sai da ya yi ƙara.

"Wayyo, Gwaggo, me na yi kuma?"

"An ba ka mata kana ta maɓalli! Durƙusa ka yi godiya, sakarai, kafin ya canza ra'ayi!"

Ya zube a ƙasa yana godiya. Maƙeri ko waiwayowa bai yi ba, idonsa na cikin madubi.

"Tashi ka matsa min," ya ce, "ka durƙusa a kan fedar."